Motata tana ja dama, tayoyin baya sun cinye ta ciki, alaimen biyu bai yi magani ba

Mai 335i: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana. BMW 335i ce ta 2009, 'yar Kwatano, mai tura ƙarfinta ta tayoyin baya, rim 18. Lambar tayoyin gaba 225/40, na baya 255/35. Wata uku ke nan tana ja zuwa dama, in na saki sitiyari a kan miƙaƙƙen titi ba ta yin nisa sai ta nufi gefe. Sitiyarin kansa ya ɗan karkace hagu ko da motar tana tafiya sak. Jiya mai wanki ya kira ni ya nuna min tayar baya ta hagu, ta ciki har waya ta fito, alhali in ka kalle ta daga waje sai ka rantse sabuwa ce. Ta dama ita ma ta fara, amma ba ta kai ta hagu ba. Sau biyu ina yin alaimen, wato saitin tsayuwar tayoyi, a waje ɗaya, duka na kwamfuta. Me ya rage ban yi ba?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, ka tsaya a bayan motarka ka kalli tayoyin. Za ka ga sun buɗe ƙafa, sama ya shige ciki, ƙasa ya fito waje. Shi ne ke ci maka taya. Shekara 26 na yi ina jan 504 da 505 tsakanin Kano da Jos, taya a tsaye take kamar soja, kuma gaba ɗaya take cinyewa. Ka ce su miƙar maka da su, magana ta ƙare.

Sarkin Gardama: Kafin a miƙe taya a fara miƙe direba. Mai 335i, tsakaninka da Allah, sau nawa ka juya motar nan a wajen ɗaurin aure?

Mai 335i: Sau ɗaya ne tak, shi ma abokai suka matsa. Kuma ai wasan mota gaba ɗayan fuskar taya yake ci, bai zaɓar gefen ciki.

Oga Mai Ƙafa: Wannan amsar taka daidai ce, shi ya sa ban damu da wasan ba. Ni aikina ƙafar mota, kuma abin da na gani a bayaninka matsala uku ce ka haɗa a buhu ɗaya. Ja daban, karkacewar sitiyari daban, cin taya daban. Suna iya fitowa daga tushe ɗaya, suna iya zama kowacce da nata. Kada ka sake biyan kuɗin alaimen sai ka amsa min waɗannan. Iska nawa ce a kowace taya, da safe kafin ka motsa motar? Tayoyin gaba iri ɗaya ne, rana ɗaya aka saka su? Ja ɗin yana ƙaruwa in ka taka birki? Ka faɗa rami kafin abin ya fara? Sannan da suka gama alaimen, sun ba ka takarda?

Mai 335i: Oga, takarda kam ba su ba ni ba, sun dai juyo min da allon na ga kore, alamar komai daidai. Rami na faɗa, babba, da daddare, da ƙafar gaba ta dama. Tayar ta kumbura a gefe, sai na canza ita kaɗai da 'yar Beljiyam, lamba ɗaya da ta hagu amma ba kamfani ɗaya ba. Birki kuwa, in na taka daga 100 tana ɗan fizgar dama sannan sitiyari yana karkarwa. Iska sai gobe da safe.

Oga Mai Ƙafa: To ka ga ka faɗi rabin amsar da bakinka. Mu jira iskar.

Ɗan Maraɗi: Ina biye da ku daga nan. Wurinmu da kilo, wato bar, muke auna iska, ku da fam, wato psi. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, don kada wani ya ruɗe in na ce 2.3. Shawarata ga mai motar, ya sayi ma'aunin kansa ya ajiye a aljihun ƙofa. Na masu faci sun sha faɗuwa ƙasa, wani ma da bugun taya yake aunawa. Adadin da ya dace yana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

Mai 335i: Barkanmu da safiya. Na ari ma'auni. Gaba hagu 44, gaba dama 35, baya 46 duka biyun. Na mayar da su yadda takardar ƙofa ta ce. Na fita na gwada, ja ya ragu kaɗan amma yana nan.

Sarkin Gardama: Psi 9 tsakanin hagu da dama, kuma aka yi alaimen sau biyu babu wanda ya duba. Allah ya kyauta.

Oga Mai Ƙafa: Taya mai ƙarancin iska ta fi nauyin gungurawa, mota takan bi ɓangarenta. Mun cire wannan. Yanzu gwaji na biyu, wanda ba zai ci maka komai ba sai kuɗin mai faci: ka musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Na baya kada ka kawo su gaba, faɗinsu ba ɗaya ba ne, motarka ba a yi mata wannan juyin. Ka duba gefen tayar tukuna. In akwai kibiya mai nuna inda za ta riƙa juyawa, to musanyar ta gwaji ce kawai, ka yi tafiyar minti 10 a busasshen titi ka mayar. In kuwa abin da aka rubuta shi ne wane gefe ke kallon waje, babu matsala, za ta iya zama kowane ɓangare.

Dalilin gwajin shi ne, akwai tayar da wayoyin cikinta ba su zauna a tsakiya ba, ko daga masana'anta ko bayan ta sha duka. Sai ta zama kamar kofin shayi da aka kwantar a kan tebur, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ka gungura kofi ka gani, ba ya tafiya sak, kewayawa yake. Irin wannan tayar babu kwamfutar alaimen da za ta gano ta, don na'urar rim take kallo ba roba ba.

Wajen gwajin kuma ka lura da titi. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka. Saboda haka kowace mota lafiyayya takan ɗan sulale dama a hankali in ka sake ta. Ka samu shimfiɗaɗɗen wuri marar cunkoso, ka je ka dawo a kan layi ɗaya. In ta ja dama a zuwa, ta ja dama a dawowa, laifin motar ne. Ka guji hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari a kwalta, taya mai faɗi da gajeren gefe kamar taka bin kwarin take kamar jirgin ƙasa, sai ka zargi motar a banza.

Hajiya Mai C300: Ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya. Oga, tawa ba ta ja sai in na daɗe ina tafiya cikin gari, sannan wani wari kamar na ƙonewa yana tashi daga gaba hagu. Shi ma taya ce?

Oga Mai Ƙafa: A'a Hajiya, wannan birki ne ya fi kama. Kalifa, abin da ke matse faifan birki, tana riƙewa, ba ta sakin faifai bayan kin ɗaga ƙafa. In kin tsaya ki kusantar da bayan hannunki kusa da rim ɗin hagu sannan na dama, kada ki taɓa. Wanda ya fi zafi shi ne mai laifi. Kada ki bar shi ya kwana biyu, yana iya tafasa man birki.

Mai 335i: Na yi musanyar. Abin mamaki, yanzu hagu take ja, amma kaɗan, bai kai rabin yadda take jan dama ba. Fizgar da take yi in na taka birki kuma tana nan a dama.

Baba Direba: To ai shi ke nan, taya ce. Ka saya sababbi ka huta.

Oga Mai Ƙafa: Baba, da sauran rina a kaba. Da taya ce kaɗai, da ƙarfin da take jan dama da shi za ta ja hagu bayan musanya. Tunda ya ragu, akwai wani abu a jikin motar da har yanzu yake tura ta dama. Da farko shi da tayar suna ja tare, yanzu suna ja-in-ja, tayar ta ɗan rinjaya. Kuma ina zargin abin da ramin ya taɓa.

A ƙafar gaba ta wannan motar hannu biyu ne na alminiyam a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya miƙa gaba, shi ke hana taya komawa baya in an taka birki. Bushin ɗinsa, wato robar da ke mahaɗarsa da jikin mota, ba roba zalla ba ne, akwai mai a cikinsa. In ya tsufa ko ya sha rami sai ya tsage, man ya zube, taya ta samu wurin wasa gaba da baya. In ƙasan ƙafar dama ya koma baya, kasta, wato jinginar ƙafar gaba zuwa baya in ka kalle ta daga gefe, ta ragu a wannan ɓangaren, mota kuma takan ja zuwa ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta. Karkarwar sitiyari lokacin birki ma sau da yawa daga nan take, mutane su yi ta canza faifan birki ba laifinsa. Ka sa a ɗaga motar, a haska bushin ɗin da tocila. In ka ga baƙin danshi ya bi jikin hannun, ya mutu. A sa ƙarfe a ɗan banƙare shi a ga yawan motsinsa. Tunda tana sama a girgiza tayar hagu da dama don tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, sama da ƙasa don boljoyin, mahaɗar hannun ƙafa, da boris, a juya rim a ga ko ya lanƙwashe ta ciki. Wata dabara ta tsofaffi: ka auna da tef daga tsakiyar rim na gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama, sitiyari a miƙe. In ɓangare ɗaya ya fi gajarta sosai, ƙafa ta ja baya.

Sarkin Gardama: Oga, duk wannan gaba kake magana. Mutumin nan tayar baya ce ta fito da waya. Ni a nan ina tare da Baba. Ido ma yana ganin tayoyin baya na BMW a kwance suke. Me zai hana a mayar da kamba, wato wannan kwanciyar tayar, sifili kowa ya huta?

Ɗan Jamus: Bari in sa baki a nan, don a garejin da nake aiki irin waɗannan motoci muke gani kullum. Kwanciyar da kuke gani da gangan aka yi ta. A bayan wannan motar kamba takan kai digiri 1.5 ko sama kaɗan zuwa ciki, musamman mai gajeriyar ƙafa ta wasanni. In mota ta shiga kwana da gudu jikinta yana kwantawa waje, wannan karkatar ce ke sa tayar waje ta zauna da dukkan fuskarta a kan kwalta. Mota mai doki 300 da ke tura duka ƙarfinta ta tayoyin baya, in ka miƙar da su tsaye ka rage mata riƙo a daidai inda ta fi bukatarsa. Baba, da girmamawa, tayar 504 siririya ce mai dogon gefe, tana lanƙwasawa ta bi titi. Ta 255/35 gefenta bai kai santimita 9 ba, ba ta da wannan sassaucin.

Kamba ita kaɗai tana cin gefen ciki, gaskiya ne, amma a hankali, kuma sumul take barinsa. Abin da ke fito da waya cikin wata uku shi ne to, wato inda tayar ta sa gaba in ka kalle ta daga sama. In tana kallon waje maimakon gaba, ba gungurawa kawai take ba, ana jan ta a kaikaice. Ku yi lissafi: kuskuren rabin digiri yana nufin a kowace kilomita 1 an goga tayar a gefe kusan mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna ku ninka. Kamba ta ɗora nauyi a gefen ciki, to kuma ya zo ya kankare wurin. Mai 335i, ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo daga waje zuwa ciki, ka yi hankali da wayar. In ɓangare ɗaya santsi, ɗaya yana kama hannu kamar haƙoran zarto, to ne.

Mai 335i: Wallahi kamar zarto. A ta dama na fi jin sa, tunda ta hagu ta riga ta shafe.

Baba Direba: Na ji bayaninka ɗan nan, kuma na yarda da lissafin. Amma har yanzu ina cewa motar da sai an kwantar mata da ƙafa kafin ta zauna a titi ba a yi ta don hanyoyinmu ba.

Ɗan Jamus: Wannan kam Baba ba zan yi musu da kai ba.

Oga Mai Ƙafa: Karkacewar sitiyarinka ma ina kyautata zaton daga baya take. Mutane suna ɗauka sitiyari harkar gaba ce kawai. In tayoyin baya sun sa gaba zuwa hagu, suna tura ƙugun motar hagu, hancinta ya juya dama, kai kuma ka riƙe sitiyari hagu don ka tafi sak. Masu alaimen da yawa tayarod na gaba kawai suke kwancewa su ɗaure, su miƙar da sitiyari a kan injin, kana fita titi ya koma yadda yake. Bayan motarka ana ɗaure shi, akwai kusoshin saiti da ake juyawa, na kamba daban na to daban. Ƙa'ida ita ce a fara da baya, sannan a daidaita gaba a kansa. A gaba kuwa to ne kawai ake ɗaurewa a sauƙaƙe. Kasta ba ta da wurin ɗauri, in ta kauce wani abu ne ya mutu ko ya lanƙwashe.

Ɗan Jamus: Ƙari a kan na Oga. Lambobin da BMW ta bayar na wannan motar an auna su ne da kaya a ciki: kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a tsakiyar kujerar baya, 21 a but, tanki cike. In mota ta zauna, kamba da to suna canzawa. Wanda ya ɗora ta wayam da kwatan tanki ya ɗaure ta a kan waɗancan lambobin, allo zai nuna kore amma ba a nan motar take tafiya ba. Kore ma ba hujja ba ce. Hagu yana iya zama a ƙarshen iyaka ta sama, dama a ƙarshen ta ƙasa, duka kore, mota kuma tana ja saboda bambancin da ke tsakaninsu. Shi ya sa ake neman takarda mai lambobin kafin da na bayan aiki.

Sarkin Gardama: Wa zai ba ka buhunan yashi a wurin alaimen a nan? Sai dai ka ɗauki yaran gareji uku ka zaunar.

Oga Mai Ƙafa: Dariya kake, amma haka nake yi. Sai dai in ce su daina motsi.

Mai 335i: Salam. Na dawo da rahoto bayan kwana 6. Bushin ɗin dama ya fashe, man duk ya zube, hannun ya yi baƙi. Na hagu ya fara tsagewa. Rim ɗin dama lafiya. Na canza hannayen biyu. Kafin a canza na je wani wurin alaimen daban na ce a auna kawai a ba ni takarda. Kasta hagu digiri 7.1, dama 6.2. To na baya, hagu minti 35 zuwa waje, dama minti 5 zuwa ciki (minti 60 ne digiri 1). Da suka zo ɗaurewa, kusar to ta hagu ta kama da tsatsa, sai da aka yanke ta aka sa wata. Alamar ba a taɓa ta ba tun zuwan motar ƙasar nan. Na sa tayoyi huɗu sababbi, aljihu ya ji a jikinsa. Bayan aiki kasta ta koma 7.1 da 7.0. Motar tana tafiya sak, birki babu fizga.

Oga Mai Ƙafa: Madalla. Tambaya ɗaya: da suka saka hannayen, a sama suka ƙarasa ɗaure kusar bushin ko sai da motar ta sauka a kan tayoyinta?

Mai 335i: A sama, tana kan jak. Akwai matsala ne?

Oga Mai Ƙafa: Akwai. In aka ɗaure bushin ƙafa tana reto, da an sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ko da motar tana ajiye. Sabon bushin sai ya mutu da wuri. Ka koma a hau da ita kan rami ko gadar alaimen, a sassauta kusar, a ɗan jijjiga motar ta zauna, a ɗaure da nauyinta a kai. Daga nan a sake duba to na gaba, don yana iya motsawa kaɗan. Ka ce kuma su saita na'urar da ke karanta juyin sitiyari da kwamfuta. Na'urar hana zamewa da ita take sanin inda ka nufa, in tana ganin sitiyari a karkace alhali kana tafiya sak, tana iya kunna fitila ko ta taɓa birki a kwana ba dalili. Kusoshin taya kuma ƙarfin ɗaurinsu 120 Nm ne, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Ɗan Maraɗi: Sababbin tayoyin, ka duba shekararsu? Lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai tayar da ba a taɓa sakawa ba amma ta tsufa a shago. Kuma ka riƙa leƙa gefen ciki duk wata. Sabuwa zanenta kusan milimita 8 ne, alamar ƙarewa tana 1.6. Ka auna ciki, tsakiya da waje, in ciki ya fara gudu ya bar sauran ka gane tun kafin waya.

Mai 335i: Na duba, na bara ne duka. Abu ɗaya dai ban faɗa ba don kada Ɗan Jamus ya yi min faɗa: ban sa irin tayoyin da ke iya tafiya ko sun sace ba, na sa na gama-gari. Sun fi araha, motar kuma ta fi laushi a kan gargada.

Ɗan Jamus: Ba zan yi faɗa ba, da yawa a nan ma haka suke yi. Amma ka tuna dalilin da ya sa aka sa mata waɗancan: motar ba ta zo da safaya ba, babu ma wurinta a but. Waɗancan galibi suna kai ka kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba bayan sun sace. Waɗannan in sun sace, a nan ka tsaya.

Baba Direba: Mota babu safaya, a hanyar Birnin Gwari. Kai yaro, ka nemi taya ta biyar da jak ka jefa a but kafin ka sake barin gari.

Mai 335i: In sha Allahu Baba, gobe zan shiga kasuwa, daga nan in wuce a sake ɗaure bushin ɗin. Oga, rim 17 zai shiga a matsayin safaya ko zai taɓa kalifar gaba?

Oga Mai Ƙafa: 17 na irin motar yana shiga, 16 ne ba ya wuce birkin 335i. Ka gwada shi a ƙafar gaba a gaban mai sayarwa kafin ka biya.

Hajiya Mai C300: Oga, tawa kalifar ce kuwa. Fil ɗin da take zamewa a kai ne ya bushe, an wanke an sa giris. Na gode.